Ƙanina ɗan jim (wurin ɗaga ƙarfe) ya fara allurar ƙarin ƙwanji, duk ya tsufa a ido, dan Allah ku ba ni shawara

Salam 'yan uwa, admin dan Allah a ɓoye sunana. Ƙanina ne uwa ɗaya uba ɗaya, shekararsa 23, tun yana sakandare yake ɗaga ƙarfe kuma mun saba ganinsa jiki a murɗe daidai misali ba wani abin tashin hankali. To daga bara zuwa bana sai yaro ya kumbura lokaci ɗaya, wuya da kafaɗu kamar ba nasa ba, rigunansa duk sun daina shigarsa, da farko har muna tsokanarsa a gida amma yanzu abin ya daina ba ni dariya saboda gashin gaban kansa ya fara zubewa, bayansa da ƙirjinsa duk ƙuraje manya manya, fuskar ta yi wani irin tauri, ranar sunan 'yata wata ƙawata take tambayata wai wannan yayanku ne, ni da na girme shi da shekara shida. Ga saurin fushi, abu kaɗan ya hau faɗa har da Umma wadda da ko ido ba ya iya haɗawa da ita.

Na shiga ɗakinsa neman caja sai na ga ƙananan kwalabe da sirinji a cikin kwalin takalmi, ɗaya an rubuta Sustanon 250 ɗaya Deca, da wasu ƙwayoyi Dianabol. Da na tambaye shi yace bitamin ne, da na matsa sai yace kocinsu ne yake ba su, wai kos ne na 'yan watanni kuma duk wanda yake son ya yi nisa a harkar sai ya yi, har yana nuna min hoton Samson Dauda ɗan Najeriyar da ya ci Mr Olympia, babbar gasar masu gina jiki ta duniya, a 2024 yace nan ya nufa.

An sa ranar aurensa bayan babbar sallah. Shin allurar ce take tsufar da shi ko idona ne? In ya daina zai dawo yadda yake? Sannan in faɗa wa Baba ko in rufe, don Baba yana fama da hawan jini kuma mutum ne mai zafi.

Maman Twins:
Innalillahi. Allah ya shirya mana zuri'a. Ki faɗa wa Baba kawai tun kafin abin ya fi ƙarfinki.

Tsohon Ɗan Jim:
Yaya ba idonki ba ne. Ni na daɗe a harkar nan kuma wlh daga nesa muke gane wanda ya hau allura, kafaɗa ta yi ƙwallo wuya ya haɗe da kai, baya ya cika da ƙuraje, sai ki ga yaro ɗan 25 ya koma sa hula kullum ko ya aske kan tal yace salo ne alhali sanƙo yake ɓoyewa. Kuma wannan magana ta kos ɗaya in daina ita ce ƙaryar da kowa yake fara yi wa kansa, saboda da ya tsaya jikin zai fara sacewa ƙarfin ya ragu, abokai su fara cewa kai mutumina lafiya kuwa ka rame, shi kenan sai ya koma. Na san waɗanda muka fara tare da yanzu in muka jera sai a ce babana ne. Kocin nan kuma ki sani ɗan kasuwa ne, a kan kowace kwalba yana da ribarsa, kuma yawancin kayan ta bayan fage suke shigowa ba lambar NAFDAC ba komai, abin da aka rubuta a jikin kwalba daban abin da ke ciki daban.

Dakta (admin 2):
Wa alaikumussalam 'yar uwa. Abubuwan ukun da kika gani duk sitiroyid ne masu gina tsoka, Sustanon sinadarin maza ne wato testostaron, Deca da Dianabol kuma danginsa ne da aka haɗa a masana'anta. Bari in bi alamomin da kika lissafa.

Gashi: jiki yana juya wani kaso na testostaron zuwa wani sinadari da ake kira DHT, shi ne yake ƙanƙantar da saiwar gashin kai ga wanda yake da gadon sanƙo. Idan akwai sanƙo a gidanku, wanda da sai ya kai shekara 40 ko 50 zai same shi, allurar ce ta janyo masa shi tun yanzu. Ƙuraje kuma maiƙon fata ne ya yi yawa. Fuska takan kumbura saboda Dianabol da Sustanon suna sa jiki ya riƙe ruwa da gishiri, wannan ruwan shi ne kuma yake ɗaga hawan jini.

Amma gaskiya ni ba fuskar ce ta fi damuna ba, cikin jikin ne yake tsufa fiye da wajen. Ƙwayoyin nan suna rage kolestarol (kitsen cikin jini) mai kyau su ƙara maras kyau, jijiyoyin jini su fara toshewa irin na dattijo, jini ya yi kauri, sannan ita zuciya ai tsoka ce, yadda ƙwanji yake girma haka bangonta yake ƙara kauri ya yi tauri ta kasa buɗewa ta cika da jini yadda ya kamata. Dianabol da ake haɗiya kuma hanta yake wahalarwa. Kin ce mahaifinku yana da hawan jini, to wannan kaɗai ya isa a auna shi a satin nan.

Sai maganar aure wadda ita ce nake so ki riƙe. Idan mutum yana zuba testostaron daga waje ƙwaƙwalwa sai ta ga ya wadata ta daina aika saƙo ga maraina, su kuma su daina aiki su ƙanƙance, ƙwayoyin haihuwa a maniyyi su ragu sosai wani ma su tafi sifili. Wato yana ganin kansa namiji ya cika ya batse amma haihuwa ta tsaya. Yawanci yana dawowa bayan an daina, amma watanni yake ɗauka wani har shekara ko fiye, kuma Deca yana daɗewa a jiki kafin ya fita.

Abu Sadiq 001:
Ni fa ina ganin ana zuzuta abin nan da yawa. Arnold Schwarzenegger da bakinsa ya faɗa ya yi amfani da su lokacin da yake gasa, ga shi nan ya haura shekara 75 har gwamnan Kalifoniya ya yi. Dorian Yates, tsohon zakaran Mr Olympia, shi ma yana nan garau. Masu mutuwa wuce gona da iri suke yi. Kuma sanƙo ai gado ne, mu nan gidanmu ba mai ɗaga ko bokiti amma duk muna da shi lol. A bar yaro ya bi burinsa.

Tsohon Ɗan Jim:
Abu Sadiq ka kawo biyu da suka tsira, bari in kawo maka waɗanda ba su tsira ba. Andreas Münzer ɗan Ostiriya ya mutu a 1996 yana da shekara 31, hanta da ƙoda duk sun lalace. Dallas McCarver ya mutu a 2017 yana ɗan 26, da aka duba gawarsa zuciyarsa ta wuce giram 800, ta lafiyayyen namiji ba ta kai rabin haka ba. A watan da ya mutu Rich Piana ma ya tafi yana 46, shi kam bai taɓa ɓoye cewa tun yana matashi yake amfani da su ba. George Peterson an tsinci gawarsa a ɗakin otal a Orlando a 2021 ana saura kwanaki kaɗan ya hau dandalin Olympia, shekararsa 37, rahoton likitoci ya ambaci ciwon zuciya na hawan jini da kuma sitiroyid a cikin abin da ya taimaka. Bayan wata ɗaya Shawn Rhoden wanda ya ci Mr Olympia a 2018 ya rasu yana 46. Cedric McMillan 2022 yana 44. Ajali na Allah ne ba mai musu, amma wace sana'a ce zakarunta suke zubewa haka kafin 50?

Kuma waɗannan fa masu kuɗi ne, suna da likitoci suna gwajin jini akai akai, ƙanin baiwar Allahn nan me yake da shi banda koci da kwalin takalmi.

Dakta (admin 2):
Ƙari a kan wannan, akwai binciken da masana daga jami'ar Padova a Italiya suka fitar a 2025, sun bi bayanan maza sama da 20,000 da suka shiga gasannin gina jiki tsakanin 2005 da 2020, suka samu 121 sun mutu, kusan kashi 38 cikin ɗari mutuwar fuju'a ce ta zuciya, kuma haɗarin irin wannan mutuwar ya ninka sama da sau biyar ga ƙwararru idan aka kwatanta da masu yi don sha'awa. Matsakaicin shekarun mamatan wajen 45 ne.

Abu Sadiq maganarka ta gado gaskiya ce rabi, gadon yana nan amma allurar tana gaggauto shi. Sannan zamanin su Arnold ba a kai girman jikin da ake nema yanzu ba, daga baya aka shigo da sinadarin girma da insulin da magungunan fitsari. Wannan fuskar da kuke gani ta wasu manyan 'yan gasa, muƙamuƙi ya faɗaɗa goshi ya turo ciki ya fito duk da ba kitse, ana danganta ta da sinadarin girman. Ita kuma fuskar da take zurmawa kamar ta tsoho ranar gasa, kitse ne suka ƙone ƙarƙaf suka tsotse ruwan jiki, kumatu ba abin da zai riƙe su. Mohammed Benaziza haka ya mutu a 1992 jim kaɗan bayan gasa a Holan, magungunan fitsari aka danganta abin da su.

Ummu Hanan:
Wai dan Allah ba irin sha ka fashe ɗin nan ba ne da 'yan mata suke sha kafin biki? Wata maƙociyarmu ta sha fuskarta ta zama kamar faranti ƙafafu kuma sirara.

Mai Kemis:
Aunty ba ɗaya ba ne duk da sunan ya yi kama. Wanda 'yan mata suke sha yawanci dexamethasone ne ko prednisolone a haɗa da maganin buɗe ciki, shi kitse da ruwa yake tarawa tsoka ma cinye ta yake, ya sa fata ta yi siriri ta yi nankarwa, ya jawo suga. Na 'yan jim tsoka yake ginawa. Kowanne da irin ɓarnarsa. Kuma dan Allah a tambayi yaron ko suna raba sirinji ko kwalba ɗaya da abokai, don ta nan ciwon hanta na B da C da HIV suke bi, wannan ma ba a maganar ƙurjin da wurin allura yake yi in hannu ba tsabta.

Malam Na Ƙofa:
Ni a ganina kar ki fara da Baba. Mutum mai zafi ga hawan jini, zai yi faɗa ya ce a fasa kwalaben yaron ya rantse ya daina, gobe ya mayar da kayan gidan aboki shi kenan kin rasa ido a kansa. Ki nemi wanda yake jin nauyinsa, kawu ko wani yayanku namiji, don akwai maganar da ba zai iya yi da ke ba musamman ta maraina da abin da ya shafi iyali. Amma ki ba shi wa'adi, in bai je asibiti ba to Baba zai ji. Kuma yarinyar da zai aura tana da haƙƙi, bai kamata a kai ta gida ana ɓoye abin da zai iya hana haihuwa ba, don mun san halinmu in shekara biyu ta wuce shiru ita za a fara kai wa masu magani.

Maman Twins:
Wannan gaskiya ne Malam wlh, ita za a ɗora wa.

Abu Sadiq 001:
Toh na ji, amma ku daina cewa ya bar jim gaba ɗaya, shi ne zai sa ya ƙi sauraron kowa.

Tsohon Ɗan Jim:
Nan kam na yarda da kai, ba wanda yace ya bar ƙarfe. Da wake da ƙwai da gyaɗa da kifi da nono da barci isasshe mutum zai yi jikin da duk unguwa za a san yana ɗagawa, in yana so ya ƙara da creatine wanda ba sitiroyid ba ne. Abin da ba zai samu ba shi ne jikin Olympia, kuma gara a faɗa masa gaskiya. Ya je ya kalli Ronnie Coleman yanzu, sau takwas yana cin gasar daga 1998 zuwa 2005, an yi masa tiyatar baya da ƙugu ba adadi yau da sanduna ko keke yake tafiya. Nasa nauyin ƙarfen ne ya fi yi masa illa, amma duk hanyar ɗaya ce, tsoka tana girma da sauri jijiya da gaɓoɓi ba sa iya binta.

Mai tambaya (ta hannun admin):
Na gode ƙwarai Allah ya saka. Dakta eh Baba da kawunnanmu duk suna da sanƙo. Na yi magana da yayanmu da yake Kaduna zai shigo ranar Juma'a. Wani abu da ban faɗa ba, Umma tace ta lura ƙirjinsa wajen nono ya ɗan kumbura yana yawan taɓawa kamar yana masa ciwo. In ƙwace kayan in zubar yau ne ko in jira?

Dakta (admin 2):
Wannan kumburin ma daga allurar ne, jiki yana juya rarar testostaron zuwa sinadarin mata sai nono ya fara fitowa, in an kama da wuri yakan lafa, in ya daɗe ya yi ƙwaya mai tauri sai tiyata. Gashin da ya riga ya tafi da wuya ya dawo amma za a iya tsayar da sauran, ƙuraje za su mutu sai dai tabo, kumburin fuska zai sauka cikin makonni.

Kar ki zubar da kayan, ki ɗauki hotonsu ko ku tafi da su likita ya ga ainihin abin da yake sha da tsawon lokacin da ya ɗauka. Dainawa dole ne amma da sanin likita, saboda bayan an tsaya nasa sinadarin yana ƙasa, zai ji kasala da rashin sha'awa da ƙunci, wasu har baƙin ciki mai tsanani yake kama su, a nan ne yawanci suke komawa, sai ku sa masa ido sosai a watannin farko. Kuma kar ya karɓi wasu ƙwayoyin daga kocin da sunan na wanke jiki. Ku je babban asibiti ku nemi ɓangaren masu duba suga da sinadaran jiki, a auna hawan jini, kaurin jini, kolestarol, hanta da ƙoda, a yi hoton zuciya, a yi gwajin ciwon hanta da HIV, sannan gwajin maniyyi yanzu a maimaita bayan wata uku tunda ƙwayoyin haihuwa sukan ɗauki wajen kwana 74 kafin sababbi su nuna. In kafin Juma'ar ya yi ƙorafin ciwon ƙirji ko numfashi sama sama ko idonsa ya yi ɗorawa, kar ku jira yayan naku, ku wuce asibiti a daren.