Reshe na Shida: Musayar Waƙa

Dattijon Agege

Salama a gare ku, 'yan'uwa cikin Almasihu. A sujadar Lahadin da ta wuce aka sanar cewa majami'armu za ta buɗe reshe na shida a wajen Ajah, a nan Legas, kuma a can ma wa'azin zai riƙa zuwa ta majigi daga babbar majami'a, da Turanci, kamar yadda ake yi a sauran rassan. Na yi murna ƙwarai, amma na kwana da tambaya a raina, kuma tun da mun saba zantawa da waƙa, sai na zuba ta cikin baitoci domin mai amsa ya amsa.

Da sunan Uba nake buɗe baki,
Shi ne mai shuka, shi ke sa tsirowa.

Na tuna ranar da muke mu goma sha biyu
A ɗakin haya a Agege, ruwa na zubowa.

Masu gadi ne da 'yan dako da mahauta,
Daga Oko-Oba bayan aiki suke tahowa.

Benci uku ne da ganga ɗaya da tulu,
Da Littafi Mai Tsarki guda, kowa na karantawa.

Yau rassa biyar ne, na shida yana hanya,
Daga Agege har Ajah sunanmu na kaiwa.

Ba na ƙin girma, ni ma na roƙe shi,
Shekara da shekaru ina durƙusawa.

Amma ku faɗa mini, 'ya'yana da ƙannena,
Abin da ya hana idona rintsawa:

Idan wa'azi ya zo ta allo daga nesa,
Wa zai lura da bencin da babu mai zaunawa?

Allo ba ya ganin hawayen gwauruwa,
Ba ya jin tarin da ke hana tsoho kwantawa.

Kuma Hausar da muka fara sujada da ita
An kai ta ƙarfe shida, lokacin gari na wayewa.

Mai gadin da ya kwana a bakin ƙofa
Ba a karɓe shi ba tukuna, ta yaya zai samu zuwa?

Ɗan Majigi, babbar majami'a

Baba, barka da hutawa. Ina cikin matasan da ke riƙe kyamara da na'urar sauti, don haka tambayarka ta faɗo a kan aikin hannuna, kuma ta taɓa ni. Tun watan Yuni na 2022, da gwamnatin jiha ta hana acaba a ƙananan hukumomi shida, har da Ikeja da Apapa da Surulere, na ga yadda 'yan'uwanmu suka warwatsu zuwa bakin gari neman abin yi, kuma daga nan ne na fara gane dalilin rassan.

Baba, na ji waƙarka, na sunkuyar da kai,
Don ba a ja-in-ja da wanda ya share hanya.

Amma ka ba ɗanka izini ya faɗi abin da ya gani,
Ko ƙaramin ido ma yakan hango gaskiya.

Daga Agege zuwa Ajah ba takun ƙafa ba ne,
Gadar Third Mainland kaɗai kilomita 11 ce da ɗoriya.

Uwa mai 'ya'ya uku, in ta ce sai babbar majami'a,
Kuɗin cefanen kwana biyu ne a danfo za ta biya.

Majami'a ba za ta zauna tana jiran tumaki ba,
Alhali tsadar gari ta kai su Ikorodu neman haya.

Ba mu muka fara ba: majami'ar Redeemed ta tashi a Ebute-Metta
A 1952, daga ƙaramin taro ta kai ƙasashen duniya.

Manufarta ita ce kowa ya sami wurin sujada
Da minti biyar na ƙafa za su kai shi ba wuya.

Malaman da suka ƙware a Kalma ba su kai yawan rassa ba,
Allon ne ya sa koyarwar da muke sha ta zama ɗaya.

Direban tanka da ya kwana uku a layin Apapa
Ya rubuto mana cewa ya bi sujada duka ta waya.

Ma'aikaciyar jinya da ta fito daga aikin dare
Ta saurara a kan gadonta, ta sami kwanciyar zuciya.

Na yarda allo ba ya share hawaye, Baba,
Amma yana kai murya inda ƙafa ta gaji da tafiya.

Uwar Zumunta, reshen Mile 12

Baba, sannu da ƙoƙari. Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Ban kai Baba daɗewa a wannan majami'a ba, amma shekaru masu yawa ke nan ina jan Zumuntar Mata a reshen da ke kusa da kasuwar Mile 12, inda tireloli ke sauke tumatur da albasa da tattasai daga Arewa, kuma abin da zan faɗa daga can na ɗebo shi.

Kun yi maganar allo, kun yi maganar nisa,
Ku bar ni in faɗi aikin da ke hannun mata.

A 2014, da Boko Haram ta ci Gwoza, ta shiga Mubi,
Gwauraye sun sauko a tireloli, kowacce da 'ya'yanta.

Ba su jin Turanci, ba su jin Yarbanci,
Hausa ce igiyar da kowacce ta kama don tsira da ranta.

Ba wa'azin allo ne ya fara tarbar su ba,
Tukunyar tuwo ce, da tabarmar da za a kwanta.

Daga nan muka buɗe ajin yamma a bayan majami'a,
Mace mai shekara hamsin ta koyi rubuta sunanta.

Da Littafi Mai Tsarki na Hausa muke koyar da baƙi da wasali,
Yau a gaban taro ita ake miƙa wa ta karanta.

Muna adashi, muna ba da jarin ƙosai da kunu,
Muna biyan kuɗin marayu su koma makaranta.

Ranar Talata muna bin asibiti gado-gado,
Ranar Alhamis gidan mai jego muke ziyarta.

Wannan aikin ba ya shiga kyamara, ɗana,
Kuma in ana lissafin girma, da shi akan manta.

Ku buɗe Ayyukan Manzanni sura 6 ku duba:
Da almajirai suka yawaita, gunaguni ya tsananta,

Don gwaurayen masu jin Helenanci ana tsallake su
A rabon abinci na kullum, ba mai lura da buƙata.

Manzanni ba su ce a daina girma ba,
Sun ce a zaɓi mutum bakwai, hidimar su riƙe ta.

Don haka ni ba na ƙin reshe na shida,
Amma kafin majigi, a nuna mini bakwai ɗin da za su yi bauta.

Mai Gadi, Lekki

Iyayena da yayyena, ku yi haƙuri da shigowata cikin maganar manya. Ni ne irin mutumin da Baba ya ambata, domin gadi nake yi a wani rukunin gidaje a Lekki, kuma na ga bai kamata a yi zancena ina nan in yi shiru ba.

Shekara huɗu ke nan da na sauka a Ikko,
Na baro mata da yara a kudancin Kaduna.

Aikina daga shida na yamma ne zuwa wayewar gari,
Ranar Lahadi kuwa ba a karɓa ta sai tsakar rana.

Ita ce ranar da masu gida ke fita da sassafe,
Ni ke buɗe musu su tafi sujada, ni kuma in zauna.

Ina jin wa'azin a waya, kamar yadda ɗan'uwana ya ce,
Na gode masa ƙwarai, yana sanyaya raina.

Amma Turancin yana gudu, ina tsintar kaɗan-kaɗan,
Kamar mai kalar dawa bayan an girbe gona.

Jibin Ubangiji kuwa ba ya zuwa ta waya,
Rabona da gurasa da ƙoƙon tun ina gidana.

Da ɗana ya rasu bara ban sami zuwa biso ba,
Ba wanda ya zo gaisuwa, don babu mai riƙe da sunana.

Mu da yawa ne a layin nan, daga Filato da Bauchi da Adamawa,
Mukan haɗu bayan aiki mu rera waƙoƙin da muka tuna.

In za a buɗe reshe a Ajah, ina roƙon abu ɗaya:
A sa sujadar Hausa ƙarfe biyu, a aiko mai yi mana magana.

Uwar Zumunta, reshen Mile 12

Ɗana, Allah ya ba ku haƙuri, kai da mahaifiyar yaron,
Ka turo mini lambarta, Zumunta za ta neme ta.

Ko an makara, gaisuwar rashi ba ta ruɓewa,
Za mu kira, mu yi addu'a tare, mu ƙarfafa ta.

Faston Idi-Araba

Ɗan'uwa, Ubangiji ya ta'azantar da kai. Na karanta baitocinka sau uku, kuma laifin rashin gaisuwar nan namu ne mu makiyaya kafin na kowa. Ina so in kawo abin da tarihin bishara a ƙasarmu ya nuna game da yadda ake kafa reshe ya tsaya, domin tambayar Baba tsohuwa ce, kuma waɗanda suka riga mu sun amsa ta da ransu.

A nan Legas, a watan Disamba na 1893,
Samari uku suka sauka daga jirgi da niyyar bishara:

Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham,
Arewa suka nufa, ƙasar da ke kudu da Sahara.

Cikin 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent a Bida,
Bingham ya koma gida da zazzaɓi, kamar an yi asara.

Sai a karo na uku, a 1902, aka sami wurin zama,
Aka kafa tasha ta farko a Patigi, bakin kogin Kwara.

Daga wannan saiwa ECWA ta tsaya da ƙafarta a 1954,
Da asibitin ido a Kano, da makarantun yara.

A Garkida kuwa, a 1923, a gindin tsamiya
'Yan mishan na Ekklesiyar 'Yan'uwa suka yi sujadar farko, babu ko rumfar kara.

A 1932 Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa,
Kakanninmu masu harsuna dabam-dabam ya tara.

Ku lura da yadda kowace tasha ta kafu:
Mutum ne ya tare a garin, ya zauna shekara da shekara,

Ya koyi harshen mutane, ya wanke gyambo, ya binne matattu,
Kafin a ga gini sai da aka ga ziyara.

Bishara ta shiga ta Ikko ta haura Arewa,
Yau ta gangaro a bakinmu ta dawo inda ta fara.

Ga abin da zan kai gaban dattawa ranar Asabar,
Kuma ina roƙon Baba ya tsaya tare da ni a shawara:

Kada a buɗe reshe sai da makiyayi mai kwana a unguwar,
Mai jin Hausa, mai littafin sunaye, mai amsa kira.

Majigi ya zo, ba mu ƙi ba, amma a bayan mutum,
Shi ya zama ɗan rakiya, makiyayi ya zama jagora.

Kafin a yanke, ni zan zo Lekki wannan Lahadin
Da ƙarfe biyu, da Jibin Ubangiji. Ku taru ku jira.

Dattijon Agege

Fasto, zan tsaya tare da kai ranar Asabar in Allah ya kai mu. Ɗana mai majigi, ga tawa amsar gare ka.

Ɗana, ka tuna mini abin da ban lissafa ba,
Don ni daga gidana majami'a ba ta da wuyar zuwa.

Ban yi tunanin direban da ke layin Apapa ba,
Wanda ba shi da wata sujada sai wadda kake aikawa.

Amma ka ji mai gadi, Turancin yana gudu ya bar shi,
Shin na'urarka ba ta da hanyar fassarawa?

Na yi tafinta a sujada shekara ashirin a Agege,
Muryata ta tsufa, amma ba ta daina fitowa.

In za ka ba ni kujera a gefen kyamararka,
Fasto ya faɗa da Turanci, ni in bi shi da Hausa ina juyawa.

Ɗan Majigi, babbar majami'a

Baba, akwai hanya, kuma ba ta da tsada:
Makirufo ɗaya ne, da layin sauti na biyu da zan shirya.

Mai son Turanci ya ji, mai son Hausa ya ji,
A Ajah da Mile 12, da duk mai bi ta waya.

Mama, ki rubuta sunana cikin bakwai ɗin da kika nema,
Ranar Talata in na tashi aiki zan bi ku duba marasa lafiya.

Fasto, zan raka ka Lekki in riƙe maka jaka,
Mu haɗu a tashar Obalende ranar Lahadi da ƙarfe ɗaya.