Benen Majami'a: Gayya Ce Ke Kada Shi Ko Kwamiti?

Ɗan Tumfure: Jama'a, yau sai na faɗa ko da za a cire ni daga zauren nan. Ku zaga Tumfure da ke gefen Gombe, ku bi hanyar Billiri zuwa Kaltungo, ku ga majami'un da rodi ya yi cirko-cirko a kansu shekara da shekaru, tsatsa ta cinye shi, bango ya tsage daga gindin taga har ƙasa. Da yawansu harsashin gini mai hawa ɗaya aka haƙa musu, zurfin ƙafa biyu, kankare inci huɗu. Da masu sujada suka ƙaru sai kwamiti ya ce a ɗora bene a ciki saboda matasa da mawaƙa. Ba zane, ba gwajin ƙasa, ba wanda ya tona ya ga abin da ke ƙarƙashi. Harsashin da aka yi wa bango da kwano shi za a ɗora wa dekin da mutum ɗari biyu suna tsalle. Ranar zubin kankare kuma a tara 'yan gayya. In ya faɗo a ce aikin Shaiɗan ne. Masaukin baƙin majami'ar Synagogue da ya rufta a Ikotun ta Legas a watan Satumba na 2014, mutum 116 suka mutu, ana cikin ƙara masa hawa ne. Mu me muke jira?

Mamar Zumunta: Ɗana, 'yan gayya ka ce? Su waye 'yan gayyar, in ba iyayenka mata da ke ɗaukar yashi da ruwa a ka ba? Wace majami'a ce a ƙasar Tangale da Waja ba gayya ta tashe ta ba? Kuma bari in tuna maka abin da ke ba kankare ƙarfi: shayarwa. Dekin yana son ruwa safe da yamma, aƙalla kwana bakwai, in lokacin zafi ne a shimfiɗa masa jiƙaƙƙen buhu ko yashi don kada ya bushe. Zumuntar mata ce ke raba wannan aikin layi-layi. Ɗan kwangila kwana biyu zai watsa ruwa ya ce ya gama. Hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Ka janye kalmar nan.

Baba Magini: Mama, Allah ya ba ki haƙuri, amma kankare ba miya ba ce. Gayya tana da wurinta: haƙa, ciko, jigilar bulo, shayarwar da kika faɗa. Ranar zubi kuwa sai wanda ya san awo. Buhun siminti kilo 50 ne, kwanon gini biyu ke nan. Kwaɓin dekin da ginshiƙi ɗaya-biyu-huɗu ne: buhu ɗaya, yashi kwano huɗu, tsakuwa kwano takwas. In da baro ake aunawa, yashi baro ɗaya, tsakuwa baro biyu, shafe ba tozo ba. Ruwa kada ya wuce lita 25 a buhu, jarka guda, in yashin jiƙe yake ma a rage. To yanzu ki tsaya ki kalli wurin kwaɓi da ƙarfe biyu na rana. Samari sun gaji, shebur ya yi nauyi, sai wani ya jawo tiyo ya saki ruwa har kwaɓin ya riƙa gudu da kansa. Baro ya koma tozo, ba mai ƙirge. Simintin ya bi ruwa ya tsiyaye ta tsakanin katako. Ranar da aka cire katakon sai ka ga gindin ginshiƙi duk ramuka, tsakuwa tsirara, rodi na leƙe. Abin da ake yi a nan shi ne a shafe da filasta kafin dattawa su iso.

Ma'ajin Kwamiti: Ku daina kiran abin da ba gayya ba da sunan gayya. Gayya ita ce aikin da ba a biya, sai tuwo da kunu. Inda aka ɗauko injin kwaɓi haya, aka biya mai injin, aka biya birkila da kafinta kuɗin yini, wannan aikin kai-tsaye ne, kwamiti ya sayi kaya da kansa don a tsira daga ribar ɗan kwangila. Membobi taimakon ɗauka kawai suke yi.

Baba Magini: Yallaɓai Ma'aji, wanda ke loda baro an biya shi?

Ma'ajin Kwamiti: Ba a biya shi ba, amma ba shi ke auna ba.

Baba Magini: Mai loda baro shi ne mai awo. Babu wani.

Injiniya: Ni ban damu da sunan ba, ƙafafu nake ji. Benen majami'a galibi yana da leɓe da ya zarce bim, wato gungumen kankaren da ke ɗauke da dekin, ya rataya a kan masu zama a ƙasa, mita ɗaya ko ɗaya da rabi, ba ginshiƙi a bakinsa don kada a tare wa mutane bagadi. Irin wannan leɓen, rodinsa mai aiki a sama yake, domin saman ne ke ja in nauyi ya hau. Mai ɗaurin rodi yakan ɗaga shi a kan kujerun rodi, ya bar kamar milimita 25 tsakaninsa da fuskar dekin. Sai ranar zubi mutum hamsin su bi ta kai da kwano a ka, ba a shimfiɗa musu katakon takawa ba. Kafin azahar rodin saman ya kwanta a ƙasa. A ido dekin lafiya lau, amma leɓen kamar ba rodi a cikinsa. Alamarsa tsaga ce siririya a saman dekin, ta bi layin bim daga wannan bango zuwa wancan. Duk wanda ya ga wannan a benensu, a sauko da mutane a tokare kafin Lahadi.

Sannan nauyi. Ɗakin kwana ana lissafa masa kusan kilo 150 a kowace murabba'in mita. Wurin taron da mutane ke tsayawa a cunkushe kusan kilo 500 ne, ban da nauyin dekin kansa, wanda in inci shida ne ya kai kilo 360. Mai ɗaurin da ya saba da gidaje zai jera rodi 12, wato mai kaurin milimita 12, kamar yadda ya saba, tsakaninsa da Allah, bai yi sata ba, kuma bai isa ba.

Mamar Zumunta: To ashe laifin wanda bai shimfiɗa katako ba ne. Mata suka hana shi?

Malam Mai Rodi: Salamu alaikum, maƙwabta. Ni abin da ban gane ba, me ya sa ake ware majami'a? Masallatan unguwa ma haka ake gina su, da gudummawa, yau buhu goma, baɗi buhu ashirin, rodi na shan ruwan damina uku kafin a ɗora. Kuma Injiniya, ka ce rodi 12. Wanne? Akwai wanda sunansa kawai 12. Na gaske mai tsawon mita 12 nauyinsa ya haura kilo 10 da rabi, na 16 kusan kilo 19. A ɗora a sikeli tun a kanti. Sirirtaccen yakan sauka ƙasa da haka sosai, kuma wani in ka lanƙwasa shi sai ya tsage a gwiwar. Masu sayayyar kwamiti ba sa tambayar nauyi, tambayarsu ɗaya ce: nawa ne na ƙasa?

Ma'ajin Kwamiti: Malam, wa ke ajiye na ƙasan a kanti? Baikon talakawa ne a hannunmu, sisi ma sai mun yi bayaninsa a gaban ikilisiya. Ku ne kuka san mai kyau da marar kyau, ku daina kawo marar kyan mana. SON, hukumar kula da ingancin kaya, tana ina?

Malam Mai Rodi: Wanda aka nuna masa biyu ya zaɓi mai araha, shi ma ya sani.

Injiniya: Malam, bambancin masallaci da majami'a a fili yake. Yawancin masallatanmu ginshiƙai ne jere a ciki, tazarar mita uku ko huɗu, kowanne ya ɗauki rabonsa. Majami'a kowa na son ganin mai wa'azi, sai a buɗe faɗin mita 15 ko 20 ba ginshiƙi ko ɗaya, nauyin rufi duka ya koma kan bangon gefe.

Mai Walda: Yauwa, sai yanzu aka zo wurin. Kuna ta bene, alhali rufi ne ya fi tashi. Ta Uyo, Reigners Bible Church, ranar 10 ga Disamba 2016, ƙarafan rufi ne suka rufto kan mutane ana tsakiyar biki, gwamnan jihar na lokacin, Udom Emmanuel, na ciki, kuma rahotanni sun ce an yi ta gaggawar gama aikin saboda ranar bikin. Mu nan iskar farkon damina, Afrilu zuwa Mayu, ita ke jarraba mu. Faɗin da ya haura mita 12 ba na katako ba ne, balle ɗanyen katakon da gara ke jira. Ƙarfe ake yi, kuma kowane jere sai an ɗaure shi da na kusa da shi da ƙarfen gicciye, in ba haka ba ɗaya ya karkata sauran su bi shi. Ƙafarsa ta zauna a kan faranti da aka dasa da kusoshi a cikin bim ɗin da ya zagaye saman bango, ba a ɗora a kan bulo a naɗe da waya ba. Walda ta zagaye mahaɗa, ba ɗigo-ɗigo ba. Bangon goshi kuma, wanda ke tashi sama kamar dala, in ba ginshiƙi a cikinsa duk bayan mita uku, iska ɗaya ce. Wannan ba ruwansa da gayya, ba wanda ke gayyar walda.

Mai Bulo: Tunda an taɓo bulo, kafin a ɗora mana. Buhun siminti ɗaya bulo mai inci tara guda 25 zuwa 30 yake bayarwa in ana son na kirki. Mai fitar da 50 ya san abin da yake yi, mai saye ma ya sani, don farashin ya gaya masa. In za a gwada bulo, a ɗaga shi daidai ƙirji a saki, ko a murza gefensa da yatsa. Amma ni matsalar da na fi gani siminti ne. A yi amfani da simintin Ashaka, namu na gida, a huta.

Baba Magini: Ba suna ba ne, ɗan'uwa, lambar ƙarfin siminti da ke jikin buhu ce. Akwai 32.5, akwai 42.5. Dekin da ginshiƙi 42.5 ya fi dacewa.

Injiniya: Baba, 32.5 ma yana ɗaukar gini in an yi lissafin kwaɓinsa. Ka tuna rigimar da aka yi a 2014 da SON ta so ta taƙaita shi, masana ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Abin tsoro shi ne simintin gudummawa, wanda aka jibge a ɗakin ajiya a kan daɓe wata shida ana jiran kuɗin tsakuwa. In ka buɗe ka ga dunƙule da ba ya murjewa a hannu, ya sha danshi, ba na dekin ba ne kuma.

Baba Magini: Injiniya, lissafi a takarda daban, wurin kwaɓi daban. Ku da COREN ɗinku, hukumar ku ta injiniyoyi, sai ku buga hatimi a zane ku tafi, ranar zubi ba a ganinku.

Injiniya: Wa ya kira mu? Kuɗin duba aiki shi ne abin da ake fara yankewa, a ce akwai memba da ya karanta gini a kwaleji zai duba kyauta.

Mamar Zumunta: Wato injiniyan gayya ke nan? Ashe ba mata kaɗai ba.

Ɗan Tumfure: Jama'a, harsashi fa na yi magana. Ba wanda ya ce uffan a kan ɗora bene bisa harsashin hawa ɗaya, balle a baƙar lakar wajen Deba da ke kumbura da damina ta dare da rani, ko filayen bakin kwari a cikin Gombe da zaizaya ke ci.

Mamar Zumunta: Ka janye 'yan gayya tukuna, sai a yi maganar harsashi.

Mai Bulo: Kuma yashin kwari da tifa ke kawowa, rabinsa laka ne. A zuba a kwalba da ruwa a girgiza a ajiye, in lakar da ta kwanta a sama ta kusa ɗaya cikin goma, a mayar.

Ma'ajin Kwamiti: Yanzu kuma kwalba za mu riƙa yawo da ita?

Dattijo Mai Kula da Zaure: Ya isa haka, 'ya'yana, dare ya yi. Ga abin da muka tsayar. Na ɗaya, kowa ya yarda gayya al'adarmu ce mai albarka, kuma ya kamata ɗanmu na Tumfure ya ba iyayensa mata haƙuri. Na biyu, ta tabbata daga bakin masu sana'ar da kansu cewa kasuwa cike take da sirirtaccen rodi da bulo marar siminti, don haka yawancin laifin na masu sayarwa ne da hukumar da ba ta kama su. Na uku, injiniyoyi su rage tsada, su riƙa zuwa ranar zubi. Iska kuwa ta Allah ce. Kwamitocin gini, waɗanda dattawa ne masu ba da lokacinsu kyauta, ba a kawo wata hujja a kansu ba. A cire katakon dekin bayan kwana 21, a ci gaba da addu'a. Na rufe wannan magana.

Malam Mai Rodi: Baba, ba haka na ce ba. Cewa na yi a zo da sikeli.