Shawarwarin Wudil kan kwaikwayon tankin gauraya iska da ruwa

A zaman ɗaliban injiniya a Wudil, an amince a fara kwaikwayon tankin a kwamfuta da ruwa zalla, sai lissafi ya daidaita a shigar da iska. Aka ce mai ƙaramar kwamfuta ya ɗauki manhajar kwaikwayon gudanar ruwa ta OpenFOAM, kyauta ce, da dabarar MRF, wadda ke lissafa tasirin juyawar farfelar tankin ba tare da an juya ta a zanen kwamfuta ba.

Inda aka fi daɗewa shi ne girman kumfa. Farfelar gauraya samfurin Rushton mai fukafukai 6 tana tara iska a bayan kowane fiffike, ƙarfin da take ja ya ragu, don haka ba wa kumfa girma ɗaya a lissafin yakan ɓata sakamako. Ni dai shawarar wani malami ta fi kama ni: a gwada a tankin gaske mai shinge 4 (farantai a tsaye a jikin bangonsa masu hana ruwa kewayawa), a auna yadda ruwan ya ɗaga bayan shigar iska, a kwatanta da sakamakon kwamfuta.