Waɗanda suka taɓa aiki da kabine na konsiltan (kamfanonin bincike da ba da shawara), ku zo mu faɗi gaskiya

Ɗan Wadata: Salamu alaikum jama'a. Wata takwas ke nan ina bin wani kabine nan Yamai kuɗin anket, wato binciken tambayar jama'a, da muka yi musu, kullum sai a ce masu furoje ba su biya ba tukuna, amma patoron ya canza kat-kat. Abin da ya fi ci mini rai ma ba kuɗin ba ne, ranar da muka dawo daga daji na tarar rapor, wato rahoton aikin, har ya kai shafi 40, takardun tambayoyinmu kuwa suna cikin kwali ko igiyar ba a kwance ba. To me muka je yi ke nan?

Ba'adare: Wa alaikumus salam. Ƙanena sannu, yanzu ka shigo gari. Ni da idona na ga rapor da anka yi bisa rijiyoyin wajen Keita, can tsakiya an mance ba a canza ba, sunan Difa na nan zaune har da zancen tafkin Cadi, ina Keita ina tafkin Cadi don Allah? Ranar ataliye, wato taron duba rapor ɗin, munka ci shinkafa da kaza, kowa ya sa hannu ya amshi perdiyam, wato kuɗin zama, ba wanda ya buɗe rapor ɗin, ni ma shiru na yi, ba zan ɓoye ba.

Maman biyu: Ni sebe ɗina, wato takardar tarihin karatu da aikina, aka ara. Sun ce za su sa ni shugabar tawaga, na ba su har da kofi na difloma, suka ci kasuwar da sunana, daga nan waya ta daina shiga. Aikin wasu yara 'yan sitaj, masu koyon aiki, suka yi shi a jika biyar a rana.

Tsohon anketa: Ku yi adalci kaɗan. In an ce ka cika takarda 15 a yini, kowace tana cin sa'a guda, mutane kuma duk suna gona, gindin gawo za ka zauna ka cika da kanka. Na yi, Allah ya yafe mini.

Malamin lakkol: Manyan ma haka suke. A 2022 Majalisar Dattawan Faransa ta ce gwamnatinsu ta kashe sama da yuro biliyan ɗaya kan kabine a 2021 kaɗai, ta kuma ce McKinsey, wani babban kabine na Amurka, ya shekara goma bai biya harajin riba ba a can. Shi ne dai a 2021 ya yarda ya biya jihohin Amurka dalar Amurka miliyan 573 kan shawarar da ya ba masu ƙwayar kashe zafin ciwo ta OxyContin ta yadda za su ƙara ciniki.

Ba'adare: Malam wannan ai an ma kama su.

Wata a Yantala: Wajen aikinmu kabine aka kawo wai zai duba tsari, sati uku suna kiran mu ɗaya ɗaya, ga ruwan sanyi ga murmushi, ki faɗi damuwarki ba mai ji. Sakatariya ta rantse mini sunayen da aka kora suna cikin durowar darakta tun kafin su zo. Sunana ne na huɗu.

Ɗan Wadata: Allah ya musanya miki Hajiya. Ni kontira ma ba mu sa hannu ba, saƙon WhatsApp kawai gare ni, in na kai ofishin masu duba harkar ma'aikata za su karɓa kuwa?