Maƙwabci ya ci mana layi da shaguna: hukuma za mu je ko kotu?

Mazaunin Tumfure:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana. A layinmu da ke Tumfure a Gombe, mai filin kan kwana ya fito da fandisho cikin hanya, zai yi shaguna uku a jikin katangarsa. Mun sa tef mun auna: daga katangar da ke kallonsa zuwa tsohuwar katangarsa mita 9 ne, yanzu saura 7, kuma sabon ginin ya hau kan magudanar ruwa. Bulo ya kai layi huɗu. Mai unguwa ya yi masa magana, ya ce yana da takarda, kuma ko a addini zira'i bakwai ne haƙƙin hanya, ya ma bar mana da ƙari. Gidaje biyu da ke gangarensa su ruwa zai koma wa idan damina ta sauka. Daga ina za mu fara? Kuma mu da titin ba namu ba ne, muna da bakin kai ƙara?

Safiyo:
Wa alaikumus salam, Malam. Awon da kuka yi daga katanga zuwa katanga ba hujja ba ne, domin ita kanta katangar da kuka ɗora tef a kanta tana iya zama ta ci hanya tun da daɗewa. Sau da yawa in aka zo awo na gaskiya, mai ƙorafin ma sai a tarar dakalinsa ko sokawe ɗinsa yana cikin titi. Ku fara duba naku.

Taswirar shatin unguwar ce alƙali a nan. Ku samo lambar shatin da lambar filin mutumin. Duk wanda ke da takardar gwamnati a layin zai ga lambar shatin a jikin tasa. Da ita za ku nemi kwafin taswirar a GOGIS, wato hukumar adana bayanan filaye ta jihar Gombe, ko ofishin babban safiyon jiha. A ciki za ku ga faɗin da aka ware wa titin da girman kowane fili. Daga nan ku ɗauki safiyo mai rajista da SURCON, wato majalisar da ke yi wa safiyoyi rajista a Najeriya, ba yaron da ya iya riƙe na'ura kawai ba, ya nemo duwatsun iyaka na siminti da ke kusurwoyin filin. Idan an tone su ko an gina a kansu, ba matsala, lambobin awonsu suna rubuce, zai maido da kowanne mazauninsa. Dutsen da aka matsar da shi gaba da daddare ma haka ake gano shi.

Abu biyu ake yawan mantawa. Filin kan kwana galibi ana yanke masa kusurwa a taswira don direba ya hango abin da ke tahowa, kuma wannan yankin shi masu shago suka fi haɗiyewa. Sannan a auna filin tun daga baya: in ƙafa 50 a 100 ne, wato kusan mita 15 a 30, kuma aka tarar cikakke yake kafin shagunan, magana ta ƙare. In kuwa na bayansa ne ya ci shi, rigimarsa da na baya ce, ba titi zai biya shi ba. Safiyon ya zana muku taswira ya shafa ja a kan abin da aka ci, ya sa hannu da hatimi.

Mai tsara birane:
Ƙari a kan bayanin Malam Safiyo: ku tambaye shi wace takarda yake nufi. Takardar ciniki daban, takardar ba da fili daban, shaidar mallaka mai sa hannun gwamna daban, kuma babu ɗaya a cikinsu da ta zama izinin gini. Izinin gini hukumar tsara birane ce ke bayarwa, a Gombe GOSUPDA ke nan, bayan ta ga zanen ginin da ratar da aka bari tsakaninsa da titi. Mayar da gaban gidan zama shaguna ma sauya amfanin fili ne, yana buƙatar nasa izinin.

Ku rubuta koke, kada ku je da baki. A sa sunan layi, lambar fili, ranar da aka fara aiki, hotuna, da sa hannun magidanta, musamman masu gidajen nan biyu. Ku yi kwafi biyu, a buga muku hatimin karɓa da kwanan wata a kan ɗaya ku riƙe. Tsarin da aka saba shi ne jami'ai su fito su duba, su shafa jan fenti su ba da takardar dakatar da aiki, sai takardar saɓa ƙa'ida mai wa'adin ya cire da kansa, sai ta rusau in ya ƙi. Diyyar da Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta tanada ta wanda aka karɓe wa halastaccen fili ce don amfanin jama'a. Wanda ya yi gini a kan titi ba ya cikinta.

Inda abin ke lalacewa shi ne bayan jan fenti. Mai gini yakan ƙaro magina ranar Asabar da Lahadi, kafin Litinin an kai linta, an yi rufi, an sa ɗan haya. Bulo layi huɗu lebura biyu sun isa su rushe shi; shago mai kaya a ciki kuwa sai roƙo da masu ceto su shigo. Don haka kullum a riƙa ɗaukar hoto, ana kai wa hukuma a rubuce.

Kada matasa su rushe da hannunsu. Nan take zance zai koma ƙarar ɓarna da shiga haƙƙin wani, ku da kuke da gaskiya ku koma neman beli. 'Yan sanda kuma aikinsu hana tashin hankali ne, ba su da hurumin yanke iyakar fili.

Barista:
Na yarda da Yallabai mai tsara birane, sai dai ban ga dalilin zama jiran hukuma kaɗai ba tunda bulo yana hawa. A haɗa biyun.

Maganar ko kuna da bakin ƙara: toshe hanya cutar da jama'a ce, kuma a da sai ta hannun babban lauyan gwamnati ake bi. A 1991 Kotun Ƙoli, a shari'ar Adediran da kamfanin Interland Transport, inda mazauna wata unguwa a Legas suka yi ƙarar tireloli masu toshe musu hanya, ta ce mutum zai iya zuwa kotu ba da izinin babban lauyan gwamnati ba. Amma har yanzu ana so mai ƙara ya nuna cutar da ta same shi fiye da ta sauran masu wucewa. Shi ya sa masu gidajen da ruwa zai shiga, ko wanda motarsa ba za ta ƙara shiga gareji ba, su ya kamata su tsaya a gaba, ba "al'ummar unguwa" a dunƙule ba.

Idan filin mai takardar gwamna ne, sashe na 39 na dokar 1978 ya ba Babbar Kotun Jiha ita kaɗai hurumi. Kai shi ƙaramar kotu asarar watanni ce, lauyansa zai tsaya a kan hurumi kawai. Abin da za a nema: kotu ta ayyana wurin a matsayin titi, ta umarci a cire ginin, ta hana sake yi. Tare da shigar da ƙara a nemi odar dakatar da aiki har a gama shari'a. Ku sani za ku ɗauki alkawarin biyansa asararsa in ta bayyana ba ku da gaskiya, don haka rahoton safiyo ya riga zuwa. Jinkiri kuma yana kashe wannan buƙata. Alƙali zai tambaya ina kuke har aka yi rufi. Wanda kuwa ya karɓi sammaci ya ƙara wa aiki wuta, kotu tana iya sa shi ya rushe abin da ya ƙara tun kafin hukunci.

Takardu: taswirar shati takardar gwamnati ce, sai kwafin da ofishin ya tabbatar da hatiminsa kotu za ta karɓa, ba hoton waya ba. Hotunan da kuka ɗauka kuma suna buƙatar takardar shaida a ƙarƙashin sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011. In za a haɗa da hukuma cikin waɗanda ake ƙara, lauyanku ya duba ko dokar da ta kafa ta tana buƙatar a ba ta sanarwa tukuna. Ku kuma roƙi kotu ta fita ta ga wurin da idonta.

Malamin fiƙihu:
Barista ya gama nasa, saura zira'i bakwai. Hadisin ingantacce ne, Bukhari da Muslim sun ruwaito shi daga Abu Huraira, amma malamai sun fassara shi da inda masu fili suka saɓa wajen fitar da sabuwar hanya. Hanyar da ta riga ta tabbata da faɗinta, babu mai ikon rage ta ko da ta fi haka sau uku. A mazhabar Malikiyya, Mukhtasar na Khalil ya kawo cewa ana hukunta rushe ginin da aka yi a kan hanya ko da bai cutar ba, balle wanda ya toshe ruwa. A tuna masa da hadisin wanda ya ci taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci. Limamin unguwa ya same shi shi kaɗai, ba a gaban jama'a ba. Mutum ya fi saurin janyewa in ba a kunyata shi ba.

Mazaunin Tumfure:
Allah ya saka da alheri, Allah ya gafarta Malam. Wani dattijo ya ce ɓangarenmu awon igiya ne, gona ce aka yanka. In babu taswirar gwamnati fa?

Safiyo:
To aiki ya ƙaru, amma ba a rasa hujja ba. Ku nemi zanen da mai gonar ko dillalinsa ya yanka filayen da shi, yawanci akwai kwafi wurin mai unguwa ko dagaci. Ku tattara takardun cinikin layin, domin akan rubuta iyakoki: gabas wane, yamma hanya. Takardar mai ginin ita ce kan gaba. In ta ce 50 a 100 kuma ginin ya kai 56 a 100, shi zai yi bayanin inda ya samo ƙafa shida. Tsofaffin hotunan Google Earth suna nuna faɗin layin a shekarun baya, turakun wutar lantarki da tsohuwar magudana su ma shaida ne. Izinin gini kuwa bai faɗi ba don fili awon igiya ne, saboda haka koken nan a kai shi gobe da safe.