Neman kalma: inda martanin taɓi ke tasowa a ƙwaƙwalwa

Malamar Ringim: Salamu alaikum. Ran Asabar ina da darasi da ɗaliban kiwon lafiya, ga shi na maƙale. Ana ɗosana wa jijiyar wuyan hannu ɗan lantarki har babban yatsa ya motsa, ga wayoyin awo manne a fatar kai. Bayan kashi 20 cikin 1000 na daƙiƙa sai martani ya bayyana, na hannun dama a hagun kai. Shi ake kira N20. Daga nan a buga lissafi a nuna inda ya taso a ƙwaƙwalwa. Wannan lissafin nake nema wa suna.

Ɗan Dambatta: Gano tushen martanin taɓi. An gama.

Baba Malam: Tushe na itace ne, 'yata. Ki ce maɓuɓɓugar ji.

Malamar Ringim: Allah ya ƙara girma, Baba, amma ina cewa "ji" za su tafi kunne.

Baba Malam: Sai a koya musu. Ita ma kalmar lantarki aro ce. Walƙiyar jiki fa?

Ɗan Dambatta: Ran Baba ya daɗe, ko a ƙauyenmu lantarki ake cewa, ko da yake ba ma ganin ta.

Baba Malam: Halinku ke nan 'yan boko, kalma ba ta da daraja sai ta hau jirgi.

Yaya Nas, Gumel: Ku bar lantarki, ni "gano" ce ta tsaya min. Ƙoƙon kai yana baza siginar, kamar ka ji kiɗa ta bayan katanga kana nuna gidan bikin. Tun 1853 masanin kimiyya Bajamushe Helmholtz ya nuna tushe daban-daban na iya ba da awo iri ɗaya a waje. An dai yarda N20 daga yankin 3b yake, a bangon baya na babban kwarin tsakiyar ƙwaƙwalwa, amma sai da aka haɗa da wasu hujjoji. Ƙiyasi ne.

Ɗan Dambatta: To, ƙiyasin tushen martanin taɓi. Ya yi tsawo dai.

Baba Malam: Baƙaƙen maɓuɓɓuga kuke gudu, ku faɗi gaskiya.

Malamar Ringim: Zan rubuta "ƙiyasin tushen martani" a allo. Maɓuɓɓuga kuma in kawo ta a bayani.

Baba Malam: A bayani. To, Allah ya kyauta. Walƙiyar jiki kuwa ban janye ba.