Fitar da yashin gurza daga tsoffin duwatsun giranda ta hanyar ƙonawa

Mai walda, Panteka, Kaduna:
Assalamu alaikum 'yan uwa. A shagonmu, da zarar faifan giranda ya cinye har ya kusa kai wa gindinsa, sai mu jefa shi cikin bola alhali da sauran yashin gurza a jikinsa, kuma abin yana damuna domin da tsada muke sayen faifan. Na ji ana ƙona shi a fitar da yashin. Wanda ya taɓa yi ya faɗa mana abin da ya gani.

Ma'aikacin ɗakin gwaji, Zariya:
Wa alaikumus salam, Malam. Na yi wannan aiki da tanderun lantarki. Faifan yanka da na gurza da kuke sa wa giranda ta hannu, danƙon roba na finol ne ya haɗe ƙwayoyinsu, tare da ragar zaren gilashi a tsakiya. Idan zafi ya kai digiri 500 zuwa 600 na Salshiyas kuma iska tana shiga, danƙon yakan ƙone, faifan ya ruguje a hannu, amma ƙwayoyin alumina, wato yashin gurzan kansa, ba sa gezau, saboda sai wajen digiri 2,050 suke narkewa. Inda iska ta yi ƙaranci kuwa, baƙin gawayi ke maƙale musu, dole a mayar da su wuta. Bayan sun huce nakan cire ragar da zoben ƙarfen da ke tsakiyar faifan, in wanke, in shanya, sannan in tankaɗe da rariya daban-daban domin raba manya da ƙanana.

Mai wasa kayan injin, Kano:
Ina ƙara jan hankali kan rarrabewa tun kafin a hura wuta. Duwatsun da muke wasa baƙin ƙarfe da su a injin tebur yawancinsu da narkakken gilashi aka haɗe su, an gasa su a zafin da ya haura digiri 1,000 tun a masana'anta. Na sa irinsu a wuta tare da sauran, suka fito kamar yadda suka shiga. Waɗannan sai dai a daka.

Maƙeri, Maraɗi:
Ni hayaƙin ne ya fi tsaya mini a rai. Na ga an ƙona faifan giranda a fili kusa da rumfunanmu, warin ya sa idanun yara zubar da hawaye, tari ya kama mu har dare. Don Allah kada kowa ya yi wannan a cikin unguwa.

Ma'aikacin ɗakin gwaji, Zariya:
Gaskiya ne, Baba. Hayaƙin yana ɗauke da finol da fomaldehaid, sinadarai masu cutarwa, wasu faifan kuma ana zuba musu sinadarai masu farar wuta ko fuloraid. Game da amfani, yashin da na samu bai kai sabo tsafta ba, don haka ban yarda a sake yin faifan da zai juya da gudu da shi ba. Mun yi amfani da shi wajen feshin kankare tsatsa, wani magini kuma ya cuɗa shi da siminti a matakala domin hana santsi.